Igiyar da ba ta nutsewa

Farkon shigata aikin jirgin ruwa ban ɗauki igiya a bakin komai ba. In dai tana da kauri, a ganina magana ta ƙare. Sai ranar da muke jan wani ƙaramin jirgi da injinsa ya mutu. Muka rage gudu za mu sha kwana, igiyar ta yi sako-sako ta nutse, farfela ta naɗe ta tamau, injinmu ya tsaya cak. Mu da muka je ceto muka koma neman mai ceton mu.

Maigidana bai yi faɗa ba. Da muka koma gaɓa ya yanko guntayen igiya uku ya jefa a bokitin ruwa. Biyu suka yi ƙasa, ɗaya ta tsaya a sama.

"Ka gani, yaro? Wadda ka ɗaura jiya ga ta can a ƙasa."

Nailan ce. Sauran biyun foliyesta ce da folifirofilin, duka igiyoyin roba. In aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, nailan na kusan 1.14, foliyesta 1.38, folifirofilin kuwa 0.91. Folifirofilin ɗin ce ta ƙi nutsewa, shi ya sa ake son ta wajen jan jirgi da jefa wa wanda ya faɗa ruwa: kana ganin ta, kuma ba ta gangarawa wajen farfela.

To, ni da zafin sabon ilimi, sai na mayar da ita igiyar komai. Kuskurena na biyu ke nan, kuma ya fi na farko daɗewa kafin ya bayyana. Na ɗaure jirgi da ita a kwata na watanni, rana ta cinye ta a hankali. Launinta ya koɗe, ta yi kaushi, in ka murza ta sai gari ya zubo a tafin hannu. Daga nesa lafiya lau take, alhali ƙarfinta ya tafi. Ga ta da santsi, ƙullin da ya zauna daram a wata igiya a jikinta sai ya zame. In ta goga da ƙarfi a jikin ƙarfe kuma zafi na narka ta.

A nan na gane darajar nailan ɗin da na tsana. Tana miƙewa kamar danƙo, saboda haka idan raƙuman ruwa suka fizgi jirgin da ke ɗaure, ita ke shanye fizgar, ba maɗaurin jirgi ba. Tana rage ƙarfi kaɗan in ta jiƙe, amma wajen anga, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, ba na musanya ta. Igiyar anga ana so ta kwanta ƙasa ne. Mai tasowa sama tarko ce ga farfelar duk jirgin da ya gifta.

Akwai wata igiya mai suna Dyneema, wadda nauyinta ke kusan 0.97: tana iyo, ga ƙarfi na ban mamaki, sai dai kusan ba ta miƙewa ko kaɗan. In zan ja jirgi da ita, sai na haɗa mata guntun nailan don ya tausasa fizga.

Yanzu duk wanda ya ce in miƙo masa igiya, sai na tambaye shi me zai yi da ita. Kuma ko wace iri ce, in ta ɗame ba na tsayawa a saitinta, don na taɓa ganin yadda tsinkakkiyar igiya ta dawo ta lotsa ƙarfen da ke gefena.