Daƙiƙa 45 ɗin da suka yi ta kayar da ni da Bidi

Jama'a, ranar Asabar dokina Bidi ya tsaya a X, wato tsakiyar fili, a gasar diresaj, gasar nuna horon doki da ake yi wa wuraren filinta alama da haruffa. Ya tsaya cak, ƙafa huɗu a ƙasa, na saki hannu ɗaya na gai da alƙaliya, na ɗago kai, yana nan bai motsa ba. Ban san lokacin da murmushi ya ƙwace mini ba, har na kusa manta ko dama zan juya a C, harafin da ke gaban rumfar alƙali, ko hagu. Waɗanda suka san irin wuyar da muka sha tun farkon kakar nan za su gane abin da ya sa na kasa haƙuri sai da na zauna na rubuta wannan.

A gida Bidi ba shi da matsala. Sassarfarsa a daidaite take, bayansa a sake, bakinsa da laushi a linzami. Amma da mun je gasar diresaj aka kaɗa ƙararrawar da ke ba mahayi izinin shiga fili, sai ya zama wani dokin daban. Wuya ya sanƙare, kai ya tashi, ya riƙa cizon haƙora yana kaɗa wutsiya. A gasa ta farko ya turje a gaban rumfar alƙali, ya yi ta ja da baya har muka haura daƙiƙa 20 ɗin da doka ta yarda, aka sallame mu. A ta biyu ko turjiyar ma bai tsaya yi ba, ya tsallake ɗan farin shingen nan na kewayen fili da bai wuce santimita 30 ba, da ƙafafunsa huɗu, tsakanin H da C. Kuɗin shiga gasa biyu, kuɗin motar ɗaukarsa sau biyu, ban samu ko takardar maki cikakkiya guda ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Daga nan na shiga sayen magani da aljihu, kamar yadda yawancinmu muke yi. Na sayi hular kunne mai rage ƙara, wadda FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ta yarda da ita muddin ba ta rufe ido ba. Abin toshe kunne kuwa ba a shiga fili da shi, kada wani ya ruɗe ku. Na sayi wani garin kwantar da hankali, sai da ya iso na karanta bayan robar na ga akwai baleriyan a ciki, wani tsiro mai kwantar da hankali, wanda yake cikin jerin abubuwan da aka hana a gasa. Yana nan a kan kanta ko buɗe shi ban yi ba, duk lokacin da na gan shi sai na yi tsaki. Abu ɗaya da kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne kiran likita. Ya zura masa na'urar leƙa ciki bayan an hana shi ci dare guda, ya ga gyambon ciki ɗan kaɗan, muka yi mako huɗu a kan maganin gyambon ciki, omeprazole. Wannan ne ya fi komai cin kuɗi, amma ya daina kwantar da kunne in ana ɗaure masa majanyi. Tun daga lokacin kuma ba na hawansa da ciki wayam, sai ya ɗan ci ingirici tukuna, tunda cikin doki ba ya daina fitar da ruwan tsami ko da ba abinci a ciki.

Duk da haka ƙararrawa ta ci gaba da haukata shi. Sai na ce to, tsoronta yake ji, bari in saba masa. Na samo ƙaramar ƙararrawa. Mako uku ina kaɗa ta: yana cin abinci in kaɗa, ana goge shi in kaɗa, ina kansa in sa wani ya kaɗa daga gefe. Wallahi ko kunne bai taɓa ɗagawa ba. Na yi ta murna wai na warkar da shi. Muka je gasa ta uku, aka kaɗa, ya sanƙare kamar ba mu taɓa yin komai ba. Mun dai gama gwajin ba a kore mu ba, amma takardar ta cika da kalma ɗaya daga sama har ƙasa: a ɗaure yake.

Malamata mai koya mini hawa ce ta ɗauki bidiyon ranar. Da yamma ta miƙo mini wayar ta ce, “Kada ka kalli doki. Kalli kafaɗarka.” Muka rage gudun hoton. Ga mu muna zagaya bayan fili da sassarfa, lafiya lau, kunnensa ɗaya a gaba ɗaya a wajena. Aka kaɗa ƙararrawa. Bidi bai yi komai ba, taku ɗaya, taku biyu, yana yadda yake. Ni ne kafaɗuna suka tashi zuwa kunne, na tattaro kamazuru kusan taƙi guda, gwiwoyina suka matse sirdi, dugadugaina suka ɗago. Sai a taku na uku kunnuwansa biyu suka juyo baya, kansa ya tashi. Sau biyar na maimaita kallon wurin ina neman abin da zan kare kaina da shi, ban samu ba. Ta ce, “Mako uku ka bar jaki kana dukan taiki.” Ban ce uffan ba.

Kuma in aka duba, me zai yi in ba haka ba? Dabbar da take jin saukar ƙuda a fatarta, ina ga mutum sukutum ya ƙame a bayanta ya daina numfashi? A wajensa, na hango wani abin tsoro ne wanda shi bai gani ba tukuna, sai ya shiga nema. Abin da ke gabansa in mun miƙe layin tsakiya kuwa rumfar C ce, da mutum a ciki yana motsi da takarda. Shi ya sa kullum a can abin yake fashewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin lokacin. Doka ta ba ka daƙiƙa 45 daga ƙararrawa zuwa shiga ta A, wato ƙofar fili. Ni a bidiyon cikin daƙiƙa 12 na shiga, na yanko kwana kamar ana kora ta. Malama ta sa na gwada da agogo a gida: a filin mita 20 da 40, daga wajen E zan iya yin da'ira guda cikakkiya da sassarfa, in wuce K, in miƙe a natse, kuma lokaci bai ƙare ba. Sai muka mai da atisayen kaina. Ita ke riƙe da ƙararrawar, ta kaɗa lokacin da ta ga dama, wani sa'in a tsakiyar hira. Aikina in na ji ta shi ne in fitar da numfashi a hankali har taku shida, in tura hannuwana gaba kamar faɗin yatsa biyu, in sa ɗan yatsa in sosa masa gindin wuya a gaban sirdi. Ba magana, tunda a cikin fili muryar mahayi rage maki take jawowa, gara in saba tun a waje. Satin farko na kasa gaba ɗaya. Ta kaɗa, in ƙame, ta yi dariya. Akwai ranar da na sauka na zauna a kan bokiti ina jin haushin kaina, shi kuwa Bidi yana tsaye yana lasar hannun rigata.

A cikin wannan ne muka taɓa wasu abubuwa biyu, ban ma iya tuna wanne ya riga wanne ba. Na daina zagaya shi da doguwar igiya na rabin sa'a wai don ya gaji. Gajiya ba natsuwa ba ce, gumi kawai yake haɗawa ya ƙara zafin kai. Yanzu minti 15 na tafiya da kamazuru a sake, sannan minti 20 na aiki mai yawan sauyin taku. Na biyun kuma, in za mu wuce gaban C ina ɗan shigo da kafaɗarsa ciki, ƙafata ta ciki a jikinsa, idona a kan harafi na gaba. Da ina jan kamazurun waje in juya masa fuska wajen rumfar wai ya gani ba komai. Ashe nuna masa nake yi.

Ranar Asabar da aka kaɗa ƙararrawa ina daidai B. Na ji kafaɗuna za su tashi, na ji sarai, na hura iska har sai da leɓena ya yi rawa. Na yi da'irata. Kunnensa na hagu ya juyo wajena ya koma. Muka shiga. Tsayuwar farko ta samu maki 7 cikin 10, abin da ban taɓa gani a takardata ba, alƙaliya ta rubuta a gefe cewa ya tsaya a natse. Na ɗauki hoton wannan layin kaɗai na tura wa Malama, alhali tana tsaye kusa da ni.

Kada ku ɗauka an gama. Tafiyar sakin kamazuru a kan layin kwana zuwa kwana, wadda makinta ninki biyu ne, 5 muka samu. Ya miƙe wuya da kyau har tsakiya, amma da na fara tattaro kamazuru kafin mu isa harafi sai ya ɓalle da guntuwar sassarfa, taku uku. Na kalli bidiyon, hannuna ne dai, na tattaro a lokaci guda kamar mai jan guga. Wannan makon shi za mu sa a gaba, ɗan kaɗan kaɗan, hannu ɗaya bayan ɗaya. Gasa mai zuwa kuma a filin mita 20 da 60 za a yi, a rufaffen ɗaki, an ce har da tukwanen furanni a gindin kowane harafi. Na riga na aro guda huɗu na jera a gida. Jiya ya cinye na wajen E.