Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har jirginmu ya koma ruwa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce ƙaramin jirginmu ya sake fita ruwa a nan Legas, ƙyallen gaba mai kama iska ya buɗe ya kuma naɗe har sau uku babu gardama. Mako bakwai ke nan tun ranar da hadari ya rutsa da mu a hanyar dawowa daga Tarkwa Bay, kuma akwai mutanen da ba zan iya yin shiru a kansu ba.

Saboda 'yan uwa na gida da ba su taɓa ganin irinsa ba: jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 22, ni da wani aminina muka haɗa kuɗi muka saya na hannu. Akwai wayar ƙarfe da ta taso daga goshin jirgin zuwa ƙolin jigo, wato dogon turken da ke tsaye a cikin jirgin yana ɗauke da ƙyallayen iska, ita ke riƙe jigon kada ya faɗo baya. A jikin wayar an zura dogon bututun alminiyom mai siririyar tsaga daga sama har ƙasa, a cikin tsagar ake zura bakin ƙyallen gaba. A gindinsa akwai ganga mai igiya. In ka ja igiyar daga inda kake zaune, bututun ya juya, ƙyallen ya naɗe a jikinsa kamar tabarma. Amfaninsa ke nan, in iska ta yi ƙarfi ka rage ƙyalle ba sai ka taka zuwa goshin jirgi ba.

Laifin nawa ne tun farko. A watan Maris mun kwantar da jigon don gyaran fitilar da ke ƙolinsa, ban sa kowa ya tallafi bututun ba, ya sauko da nauyinsa a kan ƙarfen shingen gaba. Na ga ɗan lanƙwasa wajen tsayin ƙirji, na ce ba komai. A Afrilu, da yamma, muna cikin mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa, sai gabas ta yi baƙi. Duk wanda ya san farkon damina a nan ya san irin wannan hadarin, iskarsa ba ta sallama. Na ja igiya, bututun ya yi juyi ɗaya da rabi ya cije. Na ƙara ƙarfi, wanda shi ne kuskure na biyu, lanƙwasar ta ƙaru a kan idona. Ƙyalle na ta dukan iska kamar zai yage, jirgi ya karkata, ga wani ƙaton jirgin kwantena ya doso daga teku.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tana ga masunta biyu, uba da ɗansa, da suka juyo da kwalekwalensu mai inji alhali su ma gudun hadarin suke yi. Yaron ya jefo igiya, sau biyu tana faɗawa ruwa, a na uku aminina ya cafe. Suka ja mu gefe, muka fita daga hanyar manyan jirage, sannan muka samu muka sauke ƙyallen da hannu. Na miƙa wa dattijon kuɗi ya ture hannuna, sai da na ce na mai ne sannan ya karɓi rabi. Ban san sunansu ba, ban kuma sake ganinsu ba. In akwai wanda ya san masunta a wannan yankin, don Allah ya isar musu cewa ba mu manta ba. Allah Ya tsare su a kan ruwa kamar yadda Ya sa suka zama sanadin tsirarmu.

Da na tambayi kuɗin sabon bututu daga waje, da dala, ga kuɗin dako, sai jikina ya yi sanyi. Ƙanena ne ya ce akwai wani dattijo ɗan garinmu da ke haɗa tagogin alminiyom a Obalende, a kira shi ya duba. Gaskiya ban sa rai ba, domin Baba, wato dattijon nan, bai taɓa hawa jirgi irin wannan ba. Ya zo ya tarar har na aro abin hura wuta na masu walda. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mai da wannan inda ka samo shi." Ya ce alminiyom ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe ya gargaɗe ka, kana cikin gasa shi sai ka ga ya zube, kuma ko bai narke ba, inda wuta ta taɓa ya yi laushi ke nan, ƙarfinsa ba zai dawo ba. Daga baya na karanta cewa wajen digiri 660 yake narkewa, kuma ƙwarin da aka ba shi a masana'anta yana lalacewa tun kafin a je ko kusa da nan. Baba a hannu ya san wannan.

Bututun gaɓa huɗu ne, kowace kusan mita biyu, an haɗa su da 'yan guntayen ƙarafa ta ciki. Muka kwance, muka zare wayar, aka ware gaɓar da ta lanƙwashe. Abin da Baba ya fara dubawa shi ne ko wurin ya karye ya yi ƙunci kamar gwangwanin da aka taka. Ya bi shi da babban yatsa idonsa a rufe, ya ce lanƙwasa ce mai faɗi, za ta miƙe. Da ya yi ƙunci, in ji shi, da sai dai a sayi sabuwar gaɓa, kuma da ya faɗa mini hakan ba ɓoye-ɓoye.

Ya feƙe siririn katako ya cusa cikin tsagar don kada bakinta ya matse. Ya ɗora gaɓar a kan katakai biyu da ya naɗe da tsumma, tudun lanƙwasar yana kallon sama, ya ɗaura zare daga wannan baki zuwa wancan. Sai ya sa guntun tsohuwar taya a kan tudun ya danna da nauyin jikinsa, a hankali, ya ɗan wuce miƙe kaɗan saboda ƙarfen yana dawowa in an sake shi. Ya ɗaga, ya duƙa ya hango ta jikin zaren da ido ɗaya, ya matsa taki guda, ya sake dannawa. Bai taɓa dannawa sau biyu a wuri ɗaya da ƙarfi ba, ya ce in ka yi ta kai shi kana kawo shi zai yi tauri ya tsage. Daga bayan azahar har aka kira la'asar yana kan mita biyun nan. Da muka dawo daga masallaci ya zura majuyin da ke jan ƙyalle sama, ya bi ta wurin sumul. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya yi wa zuri'a albarka. Abin da ka karɓa bai kai rabin wahalarka ba.

Akwai kuma wani tsohon matuƙi da jirginsa ke kusa da namu, wanda ya hana mu mayar da tsohuwar waya. Ya sa muka bi ta da tsumma, tsumman ya sarƙe can sama kusa da inda aka matse kanta. Silli 19 ne a murɗe cikin wayar, biyu sun tsinke, kuma bututun ya rufe su, ba mai gani. Da ta ƙarasa tsinkewa a ruwa, jigon a kanmu zai faɗo. Mun sa sabuwa. Yallaɓai, mun gode ƙwarai.

Aminina, wanda bai taɓa cewa "ai kai ka jawo" ba ko sau ɗaya, Allah Ya bar zumunci. Ƙanena da ya yi ta jigilar kaya cikin cunkoson Legas, Allah Ya yi maka albarka. Uwargida, kin kwana biyu ba barci bayan abin nan, duk da haka ranar Asabar ke kika haɗa mana abincin tafiya. Allah Ya saka miki da Aljanna. 'Yan uwa na Kano da suka yi ta kira da addu'a, saƙonku ya iso.

In ka duba da kyau a rana za ka ga 'yan siraran layuka a fatar bututun inda aka miƙe shi. Baba ya ce in riƙa duba wurin duk lokacin da za mu fita, kuma na ɗauki alkawari. Ya ce shi ma yana son ya ga yadda abin ke juyawa da ƙyalle a jikinsa, don haka Asabar mai zuwa in Allah Ya yarda da shi za mu fita, mun riga mun tanadar masa rigar ruwa.