Mantuwar da ba taurin kai ba ce

Na bar sashen masu ɗauke da cutar HIV ban huce da babban likitanmu ba. A wurinsa, duk wanda tarihinsa ya nuna tiramol, kodin ko hiroyin, an gama da shi. In ya tsallake ranar karɓar magani, sai ka ji: "Ɗan ƙwaya ne, ku bar shi."

Akwai wani matashi da na yi ta fama a kansa. Maɓallin riga yake ɗaurawa yatsunsa na lalube, ka faɗa masa ranar dawowa ya maimaita, kafin ya kai ƙofa ya juyo: "Sista, yaushe kika ce?" Na ce wa babban likitan, "Ranka ya daɗe, a gwada ƙwaƙwalwarsa." Ya dube ni gaban ɗalibai ya tambaya ko ni ce likitan.

To amma abin ba ɓoyayye ba ne. HIV tana shiga ƙwaƙwalwa tun makonnin farko, ta ɓuya cikin ƙwayoyin tsaro da ake kira maikurogiliya. Ba ta kama jijiyoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Dafin da take fitarwa, Tat da gp120, da kumburin da ke biyo baya, su ke cinye su a hankali. Mofin da danginsa, irin su tiramol, kodin da hiroyin, kuwa ƙara wa wutar fetur suke yi. Gwaje-gwaje sun nuna suna yawaita CCR5, ƙofar da cutar ke bi, suna raunana shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, suna kuma ƙara wa Tat illa a sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da motsi. Binciken CHARTER na Amurka a 2010 ya samu kusan rabin masu HIV da aka gwada da raunin tunani, alhali yawancinsu na shan magani. Ina ga wanda ya haɗa da ƙwaya?

Sauran darussan gajeru ne. Efabirenz, ɗaya daga magungunan HIV, yana rage metadon (maganin da ake ba mai son barin ƙwaya) a jini da kusan rabi, don haka mai gumi da hamma irin na wanda ƙwaya ta sake shi bayan an sauya masa magani ba ƙarya yake yi ba. Mai mantuwa a rubuta masa, a haɗa shi da wanda zai tuna masa.

Matashin nan sai da aka yi wa oga canjin wurin aiki sannan aka gwada shi. Sakamakon ya fito yadda na faɗa, kuma har na tafi babu wanda ya tayar da zancen.