Sati uku da sabuwar 'yar jagorata

Yau kwana 21 kenan da aka damƙa min igiyar sabuwar karyar da za ta riƙa yi min jagora a hannu, kuma sai yanzu na samu natsuwar zama in rubuta wani abu, don satin farko ko waya ban iya ɗagawa ba saboda gajiya. Masu tambayar sunanta ku yi haƙuri ba zan faɗa ba. Da yawanmu masu karen jagora ba ma faɗin sunan a fili, saboda mutum na sani sai ya kira ta a kan hanya ita kuma ta waiga, waigen nan na daƙiƙa ɗaya ya isa in yi karo da turken fitila. Labrador ce dai, saura kaɗan ta cika shekara biyu, an ce min baƙa ce, ni abinda na sani kunnenta akwai laushi kuma tafiyarta akwai sauri.

Ba ita ce ta farko ba. Karena na farko shekara takwas muka yi tare kafin ƙafafunsa na baya su fara ciwo ya yi ritaya, yanzu yana wajen ƙanwata yana hutawa. Don haka na zo horon nan da tunanin ai na riga na iya, sabon kare kawai za a ba ni in ci gaba daga inda na tsaya. Ashe ba haka abin yake ba sam.

Tun kafin a haɗa mu, malamin da ke horar da mu ya riƙe ɗamarar da ake saka wa kare a ƙirji, babu kare a ciki, ni na kama mariƙin shi ya zama karen muka yi ta zagaye. A makarantun karen jagora ana kiran wannan tafiyar Juno, wato sunan karen da babu shi. Da ita ake auna saurin mutum, da irin jan da hannunsa ke so, da yanda muryarsa take in yana ba da umarni, sannan a duba cikin karnukan da suka gama horo a zaɓi wanda ya dace da shi. Malam ya ce saurina na gaskiya ya fi wanda nake tafiya da shi, wai tsohon karena ne ya yi ta rage gudu a hankali saboda tsufa ni ma na yi ta ragewa ban sani ba. Maganar nan ta tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Ranar da muka fara fita da ita na gane abinda yake nufi. Tsohon in ya doshi bakin titi tun da saura taku uku yake sassautawa, hannuna ya haddace wannan. Ita kuwa da saurinta take zuwa sai ta kai daidai bakin ta tsaya cak. Duk lokacin da ta ja sai in ji kamar za ta jefa ni wani wuri, sai in ja mariƙin baya ban ma san ina yi ba, ita kuma ta rikice ta rage gudu ta fara waige. Malam yana bayan kafaɗata ta dama ya ce, "Malam, sassauta hannun nan. Duk jan da ka yi gaya mata kake ba ka yarda da ita ba." Kuma gaskiyarsa, ban yarda da ita ba. A kwana na uku ma da sunan tsohon na kira ta, da na koma ɗaki sai da na yi hawaye, don ji nake kamar na ci amanarsa, ita kuma na ɗora mata nauyin zama wani karen da ba ita ba.

Abinda ya taimake ni shi ne tuna nata ɓangaren. Tana da sati bakwai ko takwas aka kai ta gidan masu aikin sa kai suka raine ta sama da shekara guda, ta saba da su aka ɗauke ta aka dawo da ita makaranta, ta yi watanni a hannun malam ta saba da shi, yanzu kuma an ce ga wani baƙo ki bi shi. Kwanakin farko ina jin yanda jikinta ke miƙewa in ta ji takun malam a baranda. Shi ya sa ƙa'idar take ni kaɗai zan ba ta abinci, ni zan taje mata gashi, ni zan fitar da ita ta yi bahaya a kan lokaci in kwashe da hannuna a leda, igiyarta na jikina kusan duk yini. Malam ko magana ya daina yi mata, kuma na san shi ma abin ba daɗi yake masa ba.

Bari in gyara wata fahimta da nake yawan ji. Kare bai san inda za ka ba sai in ya saba da hanyar, kuma ba ya karanta danja, ja da kore ma ba sa bambanta a idon kare yanda suke a idon mutum. Ni nake riƙe taswirar a kaina, ni nake ƙirga tituna, ni nake sauraron motoci, in na ji waɗanda ke tafiya gefe da ni sun tashi na san lokacin tsallakawa ya yi sai in ce mata gaba. Nata aikin ta kauce da ni daga abinda ya tare hanya, ta tsaya a bakin titi da matakala, ta nemo min ƙofa ko kujera, ta kuma lura da abinda ke sama kamar reshen bishiya wanda ita za ta wuce ta ƙasansa lafiya amma ni zai same ni a fuska. Farar sanda sai ta taɓa abu kake sanin yana nan, da kare kuwa ana wucewa ba ka ma san akwai shi ba.

A kwana na 12 aka yi mana gwajin mota. Wani ma'aikacin makarantar ne ke tuƙa ta da gangan, irin mai lantarkin nan da ba ka jin ƙararta. Na saurara ban ji komai ba, na ce gaba. Ta ƙi. Na sake cewa gaba da ƙarfi, sai ma ta ja da baya ta ja ni tare da ita, a lokacin na ji iskar motar ta shafi fuskata. Wannan ƙin bin umarni na hikima koya musu shi ake yi, in umarnin zai kai ku ga hatsari to kada ta bi. Na sani tun da, tsohon ma ya taɓa yi min, amma daga gare ta ban taɓa ji ba sai ranar. Na durƙusa a gefen titin ina yaba mata muryata na rawa.

Daren ranar na yi ta tunanin Morris Frank, matashin nan ɗan Amurka da ya je Suwizalan a 1928 wajen Dorothy Eustis, mai kiwo da horar da karnuka, ya yi horo da wata karya mai suna Buddy, ya dawo ya tsallaka wani babban titi a birnin New York a gaban 'yan jarida, daga nan suka kafa makarantar karen jagora ta Seeing Eye a 1929. A Jamus an riga an fara tun 1916 a garin Oldenburg saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko, amma shi a ƙasarsa ba shi da wani na gaba da zai ce masa kwantar da hankalinka abin yana aiki. Ni ina da malam a kafaɗa da abokan horo da muke hira da dare, duk da haka sai da na kwana 12 kafin hannuna ya saki.

Roƙona gare ku 'yan uwa, in kun gan mu tana sanye da ɗamara to tana bakin aiki. Kada a shafa ta, kada a yi mata fito, kada a miƙa mata abin ci, kuma don Allah kada a kama mariƙin ko a ja ni da niyyar taimako. A yi min magana ni, in ina buƙata zan faɗa.

Har yanzu da saura. Tana son shinshina ƙasa in mun zo inda wasu karnuka suka bi, juyawarmu ta hagu ba ta daidaita ba tukunna, ni ma wani lokacin hannun yana komawa tsohuwar ɗabi'arsa. Malam ya ce sai an yi wata shida zuwa shekara kafin mutum da karensa su zama abu ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu za mu yi tafiyarmu ta farko ba tare da shi a kafaɗata ba, tsallake huɗu ne da matakala ɗaya, zai biyo mu daga nesa. Na tambaye shi yaushe zan kai ta su gaisa da tsohon, ya ce in bari mu ƙara wata guda tukun.