Daren da muka sake ɗaukar waƙar Shata

Jiya da daddare muka gama ɗaukar wata tsohuwar waƙar Shata, ni da abokina mai kalangu da wata 'yar Damagaram da ta turo muryarta ta WhatsApp, ko haɗuwa ba mu taɓa yi ba wallahi. Situdiyon ɗakina ne, katifa jingine a bango, makirfo ɗaya, sai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Amshin ne ya fi ba mu wahala, don a waƙar Shata kalangu ne ke bin bakin mawaƙi, sai da muka daina bin bugun kwamfuta gaba ɗaya kafin abin ya zauna.

Da na kunna wa Baba ya yi shiru, can ya kama amshi a hankali. Kafin mu ɗora a dandalin waƙoƙi na Audiomack dai sai mun nemi izinin iyalan marigayin.