Hujin sarewa daga ƙasa ake fara shi

Bututun roba na wayarin na sayo a kasuwar Panteka ta Kaduna don in yi sarewa, irin wanda masu aikin lantarki ke binnewa a bango, don karan dawa yakan tsage a hannun da bai saba ba. Na yanki kimanin santimita 40, na kankare bakin da za a busa.

Kafin a huda shi, murya ɗaya ce da shi, mai kauri. Iskar cikin bututun ce ke kaɗawa, tsawonta kuma shi ke sa murya ta yi kauri ko siriri. Da zarar ka ɗaga yatsa daga huji, iska ta samu mafita tun ba ta kai ƙarshe ba, bututun ya gajarta ke nan, sai murya ta hau. Shi ya sa mai algaita yatsunsa ba sa hutawa, mai kakaki kuwa, da ba shi da huji ko ɗaya, leɓe da numfashi kaɗai ya dogara da su.

Inda aikin ya fi ba ni mamaki shi ne faɗin hujin. Na gasa ƙusa a garwashi, a tsakar gida saboda hayaƙin roba, na ɓula ƙaramin huji can ƙasa. Murya ta hau, amma kaɗan, kuma a shaƙe. Ina faɗaɗa shi da tsinin wuƙa ina busawa, tana ƙara hawa tana washewa, alhali hujin yana nan inda yake. Ƙaramin huji ba ya sakin iskar duka. Saboda haka a fara da ƙarami, a kammala na ƙasa kafin a taɓa na samansa, domin kowane buɗaɗɗen huji yana shafar wanda ke bisansa. In faɗin ya wuce kima, ɗan kakin zuma a gefe yana sauko da murya.

Yatsu ma suna da tasu magana. Inda murya ke son huji ba lallai yatsa ya kai ba, sai na matso da shi sama kaɗan na rage masa faɗi. Theobald Boehm, wani maƙerin sarewa na Jamus, a 1847, ya bar manyan hujojin inda lissafi ya ce, ya sa musu marufan ƙarfe da ake dannawa. Ni huji huɗu ya ishe ni.

Kada a daidaita murya da sanyin safiyar hunturu: iska mai sanyi tana saukar da ita, zafin Afrilu na Kaduna kuma yana ɗaga ta. Nakan busa sai bututun ya ɗauki ɗumi tukuna in sa wuƙa.