Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Almakashin Kawu

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni Kaduna, gidan da yake aikin lambu a Unguwar Rimi. A 1993 ne, shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni. Manya na ta maganar ƙasa, ni kuwa damuwata ba ta wuce bokitin ban ruwa ba. Wata biyu cur ban riƙe komai ba sai bokiti da tsintsiya da manjagara.

Amma idona na kan almakashinsa. Ba irin na tela ba ne, ba kuma dogon nan da ake aske shinge da hannu biyu ba. Ɗan gajere ne mai jan mariƙi, bakinsa a lanƙwashe kamar na aku, an rubuta Felco a jikinsa. Wani Bature da Kawu ya yi wa aiki ne ya bar masa da zai koma gida. Sai da na girma na san ƙirar Suwizalan ne. Kullum yana naɗe cikin wani tsumma mai maiƙo a aljihun Kawu, ko masallaci za shi da shi yake tafiya.

Ana gama cin mangwaro, damina na ƙoƙarin sauka, aka aiko da rasuwa daga gida. Kawu zai yi kwana uku. Ya ciro tsumman ya miƙo mini, ya ce in rage busassun rassan gwaba da na lemo, abin da ya fi yatsa kauri kada in taɓa. Ranar ban ci abincin rana ba don murna.

Na yanka gwaba, na yanka lemo, na haye mangwaro wanda ba a sa ni ba, danƙo ya bi bakin almakashin ya daskare. Da yamma na ga wata waya ta ɗaure reshe a jikin katanga, na ce bari in gwada. Ta yanku kam, amma ta bar giɓi a tsakiyar kaifin. Washegari almakashi ya daina yanka, sai tauna.

Tsoro ne ya kai ni wajen wani mai wasa wuƙaƙe a bakin titi. Ya karɓa ya ɗora a kan injinsa, wuta na tartsatsi, ya wasa gaba ya juya ya wasa baya kamar wuƙar mahauci. Ya fito yana ƙyalli. Na biya da kuɗin ƙosai na, na dawo ina tsalle. Ina matsa shi a reshen farko, reshen ya lanƙwashe ya shige tsakanin bakunan biyu, ɓawon ya saluɓe. Na sake, haka. Na zauna a gindin gwabar nan ina jin cikina na ƙugi.

Da Kawu ya dawo bai ko ajiye jakarsa ba na miƙa masa. Ya buɗe, ya ɗaga shi sama ya leƙa ta tsakiya, haske na ratsowa. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Kai ka wasa, ko kai wa wani ka yi?"

"Kai wa na yi, Kawu."

"To, da sauƙi. Ɗauko tabarma."

Na zaci duka ne. Ashe kwance almakashin zai yi. Ya cire notin, ya jera kowane ƙarfe a kan tabarma bi da bi yadda ya fito, don kada a rikice wajen mayarwa. Ya nuna mini cewa bakin sama fuska ɗaya kawai ke da gangare, bayansa shafe yake, domin shi ne ke gogar bakin ƙasa ba tare da rata ba. Wanda ya ci bayan nan ya buɗe ƙofa, reshe ta nan zai bi. Bakin ƙasa kuwa ba a wasa shi sam, aikinsa tallafe reshe. Ya kuma nuna mini tsinin da ya yi shuɗi-shuɗi, ya ce zafin inji ne ya kashe ƙarfen wurin, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Ya wanke danƙon da kananzir, ya goge tsatsar wajen noti da samfefa mai laushi. Sannan ya jiƙa ɗan dutsen washinsa, ya kwantar da shi daidai gangaren da maƙerin asali ya yi, yana turawa daga gindi zuwa tsini, hanya ɗaya, ba ya dawowa. Can sai ya kama babban yatsana ya shafa a bayan kaifin, na ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso. Ya kwantar da dutsen shafe a bayan, ya ja sau ɗaya a hankali, abin ya ɓace.

Ɓarnar da injin ya yi cikin minti biyu, sai da ta ci mana mako biyu, kullum bayan la'asar, har muka cinye ƙarfen da ya lalace. A rana ta huɗu ya sakar mini dutsen. In na ɗaga hannu da yawa sai in ji ya ce "kwantar", bai ma kallo ba, ƙarar kawai yake saurare. A nan yake gaya mini cewa yankan da ya fita sumul shi ke warkewa da wuri, wanda aka tauna kuwa ruwan damina yake riƙewa ya ruɓe, kuma ba a barin bishiya mai ciwo a wuce ga mai lafiya ba a goge bakin almakashi ba.

Ranar da muka mayar, ya ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar da kan sifirin, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe almakashin, ya ɗaure notin yana ɗan sassautawa har ya zama bakin na buɗewa da kansa amma ba ya girgiɗi. Ya tsinko ganyen lemo ɗaya ya miƙo mini. Na matsa, ganyen ya rabu biyu ba ko ƙara. Bakin dai ya rage tsawo, har yau in an rufe shi tsinin ba ya kaiwa ƙarshe.

Kawu ya naɗe shi a tsummansa ya mayar aljihu. Ban sake riƙe shi ba sai bayan wata biyar, ranar da Hajiyar gidan ta ce a yi wa mangwaronta aure, Kawu kuma na kwance da zazzaɓi. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.